Yadda Ake Auna Tsohon Gida a Birni Kafin a Yi Tayi

Tsohon gida a cikin birni yana da saurin shiga rai. Bango mai kauri, ɗakuna masu faɗi, ga bishiyar da ta shekara talatin tana ba da inuwa, ga makaranta da asibiti da wurin aiki duk a kusa. Mutum yakan shiga sau ɗaya, kafin ya fito ya riga ya raba ɗakunan a zuciyarsa, wannan na yara, wancan na baƙi. Daga wannan lokacin duk aibin da ya gani sai ya nema masa uzuri. Ni ma na taɓa yin haka, kuma na biya kuɗin kuskuren na shekaru, shi ya sa nake son in shimfiɗa hanyar da nake bi yanzu duk lokacin da wani ya ce in raka shi duba gida.

Da kuɗi ɗaya abu uku kake saye: filin, ginin da ke kansa, da unguwar da ta kewaye shi. A cikin ukun nan gini ne kaɗai kuɗinka zai iya gyarawa. Rufi ya lalace ka sake, bututu ya toshe ka canza. Amma idan layin yana cika da ruwa, ko filin yana da rigima, ko unguwar tana komawa baya, babu birkilan da zai yi maka maganinsu. Don haka nake fara dubawa daga waje, sai daga ƙarshe in shiga ɗaki.

Mataki na farko: ka taka unguwar da ƙafarka

Kada ka bari zuwanka na farko tare da dillali ya zama shi ne shaidarka. Dillali ya san lokacin da layin yake da kyan gani, kuma a lokacin zai kai ka. Ka koma kai kaɗai aƙalla sau uku: da safe lokacin da jama'a ke fita aiki, da dare bayan an rufe shaguna, sannan ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi. Zuwan safe zai nuna maka cunkoso da ainihin mintunan da za ka riƙa kashewa kafin ka isa wurin aikinka. Zuwan dare zai nuna maka hayaniya, da haske ko duhun layin, da irin mutanen da ke zama a kwanar. Zuwan bayan ruwa kuwa shi ne wanda ya fi kowanne tona asiri.

Idan ba lokacin ruwa ba ne, unguwar da kanta za ta ba ka labari. Dubi ƙofofin maƙwabta. In ka ga gida bayan gida an ɗaga dokin ƙofa da siminti, ko an gina ɗan bango a bakin shiga wanda sai an ɗaga ƙafa ake tsallakewa, ruwa ya taɓa shiga gidajen nan, kuma ba sau ɗaya ba. Dubi katangu, sau da yawa akwai layin datti a miƙe daidai inda ruwa ya tsaya. Sannan ka tsaya a tsakiyar titi ka kwatanta tsayinsa da daɓen gidan. Tsofaffin unguwanni suna da wata matsala da ba a cika lura da ita ba: duk lokacin da aka sake shimfiɗa titi yakan ƙara tudu, gidan kuwa yana nan inda aka gina shi, har wata rana ya koma ƙasa da titin, ruwan layi duka ya riƙa gangarowa wajensa.

Wannan shi ne abin da ya same ni. Gidan da na fara saya an yi masa sabon fenti, kuma daga ƙasa zuwa kusan ƙugu an shafa launi mai duhu, na ɗauka ado ne. Na tsallake dokin ƙofar maƙwabta biyu da na shiga gaisarwa, ban tambayi kaina dalilin tsayinsu ba. Ruwan farko da aka yi, fentin ya fara kumbura kamar ƙuna, bayan mako biyu ya ɓare, wani farin gari mai kama da gishiri ya fito a jikin bangon. A bayan wata durowa da mai gidan ya bar mini kyauta na tarar da filastar ta riga ta zube tun tuni. Duk alamun suna gabana ranar da na je dubawa.

Bayan batun ruwa, ka karanta inda unguwar ta dosa. Gidajen da ake yi wa sabon rufi, yashi da bulo a ƙofar gidaje, shagunan da suka daɗe a hannun masu su, iyalai matasa da ke tarewa, duk alamun unguwa ce da mutane suke zuba kuɗinsu a cikinta. Allon sayarwa da rana ta kashe wa launi, gidaje a kulle, shagon da yake canza mai haya duk bayan 'yan watanni, kwatar da ta toshe babu wanda ya damu, waɗannan kuma suna nuna akasin haka. Ka lura da kangon fili ko tsohon gini da ke jikin gidan, domin abin da za a gina a wurin gobe zai iya tare maka iska da haske, ko ya kawo maka hayaniyar da ba ka yi ciniki da ita ba.

Ka yi hira da mutane. Mai shagon kwana, dattijon da ya daɗe a layin, kuma in ka yi sa'a, wanda ya taɓa zama haya a gidan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma tsohon ɗan haya ba shi da abin da zai ɓoye maka. Tambayoyin ba su da yawa: ruwan famfo yana zuwa? Ina ruwan sama yake bi? An taɓa shiga gidan wani? Me ya sa mai gidan yake son sayarwa?

Mataki na biyu: takardu, kafin ka kashe ko sisi a kan duba gini

Wannan aikin lauya ne, kuma lauyanka, wanda kai ka ɗauko kake biya. Abin da zai tabbatar maka a ofishin rajistar filaye shi ne sunan da ke kan takardar mallaka ya yi daidai da na mai sayarwa, gidan ba ya cikin jingina, kuma babu shari'a a kansa. Tsofaffin gidaje sukan kasance na gado, don haka sai an tabbatar duk magadan sun yarda, a rubuce, ko kuma wanda yake sayarwa yana da izinin da doka ta amince da shi. Magaji ɗaya da ba a tuntuɓa ba ya isa ya tsayar da kai a kotu shekaru.

Ka san irin mallakar da kake saye. A wasu ƙasashe fili na mai shi ne har abada, a wasu kuma haƙƙin zama ne na ƙayyadaddun shekaru, kuma darajar gida tana raguwa yayin da shekarun suke ƙarewa. Ka sa safiyo ya auna iyakokin ya gwada da taswirar da ke cikin takarda, domin katangar da ta shekara arba'in ba lallai ne tana kan iyaka ba. Daga nan ka leƙa hukumar tsara birni ka tambayi abu biyu: ko akwai shirin faɗaɗa titin, da kuma ko ɗakunan da aka ƙara daga baya suna da izini.

Mataki na uku: ginin kansa

Ka je da rana tsaka, da tocila, da tef na awo, da sukundireba, da ƙaramar ƙwallo. Shekarar da aka gina gida ba ta gaya maka komai sosai. Gidan shekara sittin da aka kula da rufinsa ya fi na shekara ashirin da aka bari ruwa yana bin bangonsa. Abin da kake nema shi ne ka raba lalacewa gida biyu: wadda take a fata, da wadda ta kai ƙashi.

Fara da tsaga. Kusan kowane tsohon gida yana da ita, kuma yawancinta ba abin tsoro ba ne. Cibiyar binciken gine-gine ta Birtaniya, BRE, tana da ma'aunin da masu duba gini suka daɗe suna aiki da shi: tsagar da ba ta wuce milimita 5 ba galibi ta ado ce, a cike a shafe, daga 5 zuwa 15 tana buƙatar gyara na sosai, daga 15 zuwa 25 ɓarna ce babba, abin da ya haura 25 kuwa ya taɓa tsayuwar ginin. Bayan faɗi, ka dubi siffarta. Siririyar tsaga da ta bazu a filasta kamar saƙar gizo ba ta da nauyi. Wadda ta tashi a karkace daga kusurwar taga ko ƙofa, tana bin layin bulo kamar matakala, ta fi faɗi a gefe ɗaya, kuma ana ganinta ciki da waje a wuri guda, ita ce mai cewa harsashin ginin ya motsa. Hakan ya fi faruwa a ƙasa mai yumɓu, wadda take kumbura in ta sha ruwa ta kuma tsuke in ta bushe, musamman idan akwai babbar bishiya kusa da bango tana zuƙe danshin ƙasar, ko wani bututu yana yoyo a ƙarƙashi yana wanke ta.

Tambayar da ta fi muhimmanci ita ce ko motsin ya tsaya ko yana ci gaba. Tsagar da ta yi baƙi, ƙura da yana suka cika ta, mai yiwuwa ta daɗe da tsayawa. Wadda aka cike ta sake buɗewa tana nan da ranta. Ka buɗe kowace ƙofa ka rufe. Ƙofar da take cijewa, ko wadda aka fere samanta a karkace don ta shiga, tana nuna firam ɗin ya goce. Ajiye ƙwallon a tsakiyar ɗaki ka ga ko za ta gangara. Idan biyu daga cikin waɗannan alamu suka haɗu a gefe ɗaya na gidan, ka dakata da komai sai injiniyan gini ya gani. Kuɗin da za ka ba shi bai kai komai ba a kan kuɗin tallafe harsashi, wanda yana cikin gyare-gyare mafi tsada da ake yi wa gida.

Sai danshi. Hancinka zai riga idonka, don haka ka tsaya ka shaƙi iskar ɗakin da ya daɗe a rufe. Danshin da ke tasowa daga ƙasa yakan tsaya a ƙasa da mita ɗaya, ya bar layi da farin gishiri. Wanda ke saukowa daga sama yakan bar tabo mai ruwan ƙasa a silin ko a kusurwa. Wanda ya fito a tsakiyar bango, musamman bangon da ke jikin banɗaki ko kicin, yawanci bututu ne ya fashe a ciki. Ka ƙwanƙwasa filasta da bayan sukundireba. Inda ta yi ƙara kamar ganga ta rabu da bulo. Ka nemi a ja maka durowa da gado daga jikin bango. Sabon fenti a bango ɗaya tak, ko a rabin bango, abin tambaya ne.

Ka leƙa cikin silin. Mutane da yawa suna jin nauyin neman tsani, alhali a nan rabin gaskiyar gidan take. Kashe tocilar tukuna ka ga ko hasken rana yana shigowa ta wasu huji. Sannan ka kunna ka soki katakon da sukundireba: in ya nutse cikin sauƙi, ko ka ga hanyoyin ƙasa a jikinsa, gara ta riga ka. Idan rufin na kankare ne, ka duba ƙasansa da ginshiƙai. Rodi in ya yi tsatsa kumbura yake yi, ya tsaga kankaren daga ciki har ya riƙa ɓantalewa. Jan tabo a jikin kankare, ko rodin da ya fito fili, ba abin da za a rufe da filasta a wuce ba ne.

Ruwa da wuta ba sa ɗaukar lokaci. Buɗe famfo biyu ko uku lokaci guda ka ga ko ƙarfin ruwan zai faɗi. Tsohon bututun ƙarfe yana tsatsa ne daga ciki har hanyar ta ƙuntata, kuma ruwan farko yakan fito ja. Zuba bokiti a kowane banɗaki ka ga saurin tafiyarsa, ka tambayi inda ƙazantar take zuwa da ranar da aka yi mata kwasar ƙarshe. A wajen wuta, buɗe akwatin fis ka duba. Wayoyin da rigarsu ta bushe tana farfashewa, soket mai baƙin tabon ƙuna, da layin da babu wayar ƙasa, duk suna nufin sai an sake wayarin gaba ɗaya, domin an ja su ne a zamanin da gida ba shi da na'urar sanyaya ɗaki da injin wanki da hita.

Akwai abu biyu da ido ba ya ganewa, kuma sun shafi lafiyar iyalinka. Na farko dalma a cikin tsohon fenti da tsohon bututu. Amurka ta hana fentin dalma a gidaje a 1978, wasu ƙasashe sun yi jinkiri sosai, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka sani ba ya cutarwa, yara ƙanana ne kuma suka fi shan wahalarta. Na biyu asbesto, wanda aka yi ta amfani da shi a rufi da silin. Birtaniya ta hana shi gaba ɗaya a 1999, Tarayyar Turai a 2005. In yana zaune lafiya ba a taɓa shi ba haɗarinsa kaɗan ne, amma ƙurarsa idan aka fasa ko aka huda tana jawo cutar huhu da ciwon daji bayan shekaru masu yawa. Idan kana da niyyar fasa bango ko sauke silin, sai ka sa kuɗin gwaji da na cirewa ta hanyar da ta dace a lissafinka.

Duk abin da ka gani ka rubuta, ka ɗauki hoto, sannan ka kawo masu sana'ar, magini da kafinta da mai famfo da mai wuta, kowa ya ba ka kuɗin aikinsa a rubuce.

Mataki na huɗu: me kasuwa take cewa

Kuɗin da mai gida ya sa buri ne. Abin da kake nema shi ne kuɗin da aka biya da gaske a gidaje masu kama da wannan. Ka samo aƙalla uku, biyar ya fi, waɗanda aka sayar cikin wata shida da suka wuce, ko shekara ɗaya in ciniki ba ya yawa, a unguwar ko wadda take daidai da ita. Kada ka tsallaka babban titi ko layin dogo don neman misali, domin sau da yawa gefe biyun kasuwa biyu ne. A inda ake buga farashin cinikin gidaje a rajistar hukuma, aikin ya zo da sauƙi. A inda ba a yi, sai ka tambayi dillalai fiye da ɗaya, da lauyoyi, da masu ƙiyasta kadara, ka gwada maganar wannan da ta wancan.

Babu gida biyu da suke daidai, don haka sai ka daidaita. Idan wanda aka sayar ya fi naka girman fili ko yana da sabon rufi, ka rage darajar wannan fifikon daga kuɗinsa. Idan naka ne ya fi, ka ƙara. Ka raba kuɗin da murabba'in mita don kwatancen ya yi adalci. Kuma ka yi hattara da matsakaicin da ake samu ta hanyar tarawa a raba: gidaje huɗu na 80, 85, 90 da 95, sai wani katafaren guda na 200, lissafin zai ba ka 110, alhali na tsakiyarsu 90 ne, kuma shi ne ya fi kusa da gaskiyar layin.

Kowane layi yana da iyakar kuɗin da mutane suke yarda su biya a cikinsa, komai kyan gida. Gidan da ya fi kowanne a layi maƙwabtansa suna ja masa daraja ƙasa, wanda ya fi kowanne lalacewa a layi mai kyau kuma suna ɗaga shi. Saboda haka a ganina tsohon gida mai buƙatar gyara a unguwa mai tasowa ya fi gidan da aka ƙawata a unguwar da ke mutuwa, nesa ba kusa ba. Ka kuma tambayi kuɗin fili tsura mai girman wannan a yankin. Idan ya kusa kai kuɗin gidan, to fili kake saye, ginin kyauta ne, kuma masu rushewa su gina bene su ne abokan takararka. Idan kuwa ginin ne ya ɗauki mafi yawan kuɗin, ka tuna shi ne ɓangaren da yake tsufa.

Haya ma ma'auni ce ko da kai za ka zauna. Raba hayar shekara da kuɗin gidan: in hayar 6 ce gidan 100, kashi 6 cikin ɗari ke nan. Gwada da sauran gidajen unguwar. In naka ya yi ƙasa da su sosai, an tsawwala kuɗin. Sannan ka binciki tsawon lokacin da gidan ya yi a kasuwa da ko an taɓa rage kuɗinsa. Gidan da ya shekara ba a saya ba a unguwar da gidaje ke tafiya cikin wata biyu, akwai abin da waɗanda suka riga ka suka gani, ruwa ba ya tsami banza.

Mataki na biyar: haɗa lissafi ka yi tayi

Lissafin daga sama yake farawa. A ce mai gida ya nemi 100, kuma gida irinsa da aka gyara tsaf a layin an sayar da shi 110. Masu sana'a sun ce gyaran zai ci 25. Ka ƙara aƙalla kashi ɗaya cikin biyar a kai, domin tsohon gida sai an buɗe bango ake ganin sauran ciwon. Ya zama 30. Ka cire daga 110, saura 80. Ka sake cire hayar watannin da za ka ci gaba da biya a inda kake kafin aiki ya ƙare, da ladan wahalarka, a ce 5. Iyakarka 75 ke nan. Harajin ciniki da la'adar dillali da kuɗin lauya da na rajista suna nan daban, sai ka tabbatar aljihunka zai ɗauke su tare da gyaran. Ka rubuta wannan iyaka a takarda tun kana gida, kafin ka zauna da mai sayarwa, domin a wurin ciniki zuciya tana da saurin ƙara wa kanta.

Ka fara tayi ƙasa da iyakarka, kuma ka tafi da hujja: hotunan tsagar, takardun masu sana'a, da kuɗin da aka sayar da gidajen maƙwabta. Mai gida yakan ji zafin tayin da babu dalili a bayansa, amma yana sauraron wanda ya zo da takarda. Idan ya ce shi zai yi gyaran kafin ya miƙa maka, na fi son a rage kuɗin ka yi da kanka, domin mai barin gida ba zai sayi kayan da mai zama zai saya ba.

Kafin alƙalami kuwa kada ya fita daga hannunka sai da yarjejeniya a rubuce wadda ta ce za a dawo maka da shi in binciken takardu ko rahoton injiniya ya fito da matsala. A rubuta abin da zai zauna a gidan, tanki da famfon tura ruwa da ƙofofi da mita, a kuma tabbatar an biya bashin wuta da ruwa da harajin gida. Ranar da za ka biya sauran kuɗin, ka sake zagaya gidan bayan an kwashe kaya, ɗaki bayan ɗaki, da tocilarka, ka duba bangon da durowa ta rufe da daɓen da darduma ta rufe.